Jini a Dasashi: Tambayoyi da Amsoshi kan Ciwon da Ke Zubar da Haƙora Ba Tare da Zafi Ba

Yawancinmu ba ma neman likitan haƙori sai ranar da dare ya raba muna riƙe da kumatu. Ciwon dasashi kuwa ba ya hana kowa barci, shi ya sa yake samun shekara da shekaru yana ɓarna a bakin mutum ba a ankara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato mutum sama da biliyan 1, suna fama da matsanancin ciwon dasashi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Duk lokacin da na goge baki sai na tofar da jini. Ba buroshin ne ke yanka ni ba?

Da wuya. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi, kamar yadda tafin hannu mai lafiya ba ya jini don an wanke shi. Jinin yana nufin dasashin ya riga ya kumbura, buroshin tona asiri kawai ya yi.

Kuskuren da ke biyo baya shi ne mutum ya daina taɓa wurin don gudun jinin. Sai datti ya ƙara taruwa, kumburin ya ƙaru, jinin ma ya ƙaru. Abin yi shi ne ka samu buroshi mai laushi, ka ci gaba da goge wurin a hankali safe da dare. Idan ciwon bai yi nisa ba, cikin mako 1 zuwa 2 jinin zai ragu ko ya tsaya. Idan ya wuce haka bai tsaya ba, akwai abin da hannunka ba zai iya cirewa ba, sai a asibiti.

To mene ne ainihin abin da ke kawo shi?

Ka sa farce ka kankari gindin haƙorinka da safe kafin ka wanke baki. Wannan farin abu mai yauƙi da za ka gani ba ragowar tuwo ba ne, taron ƙwayoyin cuta ne da ke manne wa haƙori, kuma ko an goge shi yana sake taruwa cikin sa'o'i. Idan ya daɗe a bakin dasashi, jiki yakan tura jini da mayaƙansa wurin, sai dasashin ya kumbura ya yi ja. Wannan shi ne matakin farko.

An gwada wannan a fili a ƙasar Denmak a 1965. Wani likita mai suna Harald Löe ya sa mutane masu lafiyayyen baki su daina gogewa gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dukkansu dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warke sarai.

Idan aka bar wannan yauƙin, sinadaran da ke cikin yawu sukan daskarar da shi ya zama kamar ƙanzo a gindin tukunya. Shi ne abin nan mai ruwan ɗorawa ko baƙi da ake gani a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Da zarar ya daskare, ba buroshi ko asuwakin da zai ɓamɓare shi, kuma kaushinsa ya zama matattarar sababbin ƙwayoyi.

Ni fa ba na jin zafi ko kaɗan. Ta yaya za a ce ina da ciwo?

Nan ne mugun halinsa yake. Haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi yake tsaye, kamar dirka a cikin ƙasa, da wasu siraran zaruruwa da ke ɗaure saiwarsa da ƙashin. Dasashi rufi ne kawai a sama. Idan kumburin ya daɗe, dasashin yakan saki haƙorin, rami ya buɗe a tsakaninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin su gangara cikin ramin inda buroshi ba ya kaiwa, faɗan da jiki ke yi da su kuma ya riƙa narkar da zaruruwan da ƙashin kansa. Duk wannan yana iya faruwa ba tare da zafi ba, kamar yadda gara ke cin dirka ta ƙasa, sama tana nan da kyanta, sai ranar da aka jingina.

Bambancin matakan biyu shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Kumburin dasashi kaɗai yana warkewa gaba ɗaya. Ƙashin da ya narke kuwa ba ya dawowa da kansa. Ana iya tsayar da ɓarnar, amma abin da ya tafi ya tafi. Mutane da yawa da ke cewa tsufa ne ya zubar musu da haƙora, wannan ciwon ne ya zubar da su. Za ka ga haƙorin da ya faɗi garau yake, ko rami babu.

Waɗanne alamomi zan duba?

Ka tsaya gaban madubi a wuri mai haske, ka ɗaga leɓe. Dasashi mai lafiya a ɗame yake, ya kama haƙori gam, tsininsa ya cike tsakanin haƙora. Mai ciwo yakan yi fushi, ya yi sheƙi, bakinsa ya yi kauri. Sauran alamomin su ne warin baki da ba ya tafiya ko an wanke, ɗanɗanon jini da safe ko jini a matashin kai, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo saboda dasashin ya ja baya, tsamin haƙori idan an sha ruwan sanyi, mugunya idan an danna dasashin, nama ya riƙa maƙalewa inda da ba ya maƙalewa. Mutumin da ba a haife shi da wushirya ba, sai ga ta tana buɗewa yana da shekara 40, ya je a duba shi. Haƙoran ne ke gushewa daga wurinsu.

Dasashina baƙi ne. Ciwo ne?

A'a. Hotunan da ake gani a intanet yawanci na bakin Turawa ne. Baƙin dasashi ko mai dabbare-dabbare halitta ce ga baƙar fata. Ka duba kumburi da jini, ba launi ba.

Na san wani dattijo da bai taɓa riƙe buroshi ba, haƙoransa 32 cif. Ni kuma ina gogewa ina fama. Me ya sa?

Jikin mutane ya bambanta wajen yadda yake faɗa da ƙwayoyin. Wannan Löe ɗin ya bi ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka shekara 15, mutanen da ba su da likitan haƙori kuma ba sa gogewa irin ta zamani. Sakamakon da ya fitar a 1986 ya nuna kusan kashi 11 cikin 100 ciwon bai wuce kumburi ba, kashi 81 ya ci su a hankali, kashi 8 kuma ya ci su da sauri har suka rasa haƙora tun da ƙuruciya. Dattijon nan mai yiwuwa yana cikin kashi na farko, kuma ina kyautata zaton ba ya rabuwa da asuwaki. Ba ka da hanyar sanin naka kason sai an auna. Idan mahaifinka ko mahaifiyarka sun yi giɓi da wuri, ka ɗauki kanka a cikin masu haɗari.

Asuwaki ya wadatar, ko dole sai buroshi da makilin?

Ba na cikin masu raina asuwaki. Hadisi ne ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Wanda ke yin sa sau 5 a rana da kyau ya fi mai buroshin da ke wucewa sau ɗaya cikin gaggawa. Bincike da dama sun nuna itacen arak, wanda alhazai ke kawowa daga Makka, yana cire wannan yauƙi daidai da buroshi a hannun wanda ya iya. Darbejiya da marke ma an daɗe ana amfani da su.

Matsalar tana wurin yadda muke yinsa. Mutum zai rataya asuwaki a baki yana hira, yana dirzar haƙoran gaba 6 da ake gani, na ciki da turame kuwa ko oho. Siffar itacen ma ba ta ba shi damar lanƙwasawa zuwa bayan haƙora ta ɓangaren harshe, inda ƙanzon ya fi taruwa. Dirza da ƙarfi kuma tana tura dasashi baya. Idan za ka yi, ka tauna bakin har ya yi laushi, ka bi haƙori ɗaya bayan ɗaya ciki da waje, ka yanke bakin da ya tsufa, kada ka jefa shi aljihu tare da kuɗi da makullai.

Shawarata a haɗa biyun. Buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare, minti 2 kowane lokaci, asuwaki kuma a tsakani. A karkata gashin buroshin ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa ɗan jujjuya shi, ba zarto ba. Gogewar dare ta fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa idan an yi barci. A canza buroshi bayan wata 3 ko idan gashinsa ya baje.

Gawayi, toka ko gishiri fa?

Suna kankare tabo, suna kuma kankare haƙorin da dasashin tare. A bar su. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi yana sanyaya dasashi idan an kurkure, amma ba ya cire ƙanzo.

Sakace yana da illa?

Tsinken tsintsiya, allura, ashana da bakin biro duk suna huda dasashi. Amma tsakanin haƙora dole a share shi, don a nan ciwon ya fi farawa kuma buroshi ba ya shiga. Akwai zaren sakace da ake sayarwa a manyan kemis, akwai kuma ƙananan buroshi masu kama da tsinke waɗanda suka fi dacewa da wanda tsakanin haƙoransa ya riga ya buɗe. Sau ɗaya a rana ya isa. Kwanakin farko za a ga jini, kada a fasa.

An ce wankin haƙori a asibiti yana sassauta haƙora, yana buɗe tsakaninsu. Gaskiya ne?

Wannan magana ta hana mutane da yawa magani, kuma na fahimci inda ta samo asali. Mutum ya zo da ƙanzo ya lulluɓe haƙoransa na ƙasa ya haɗe su kamar an yi musu yaɓe. A ƙarƙashin yaɓen ƙashi ya riga ya narke. Da aka cire, sai ya ji iska tana wucewa, harshensa yana jin ramuka, wani haƙorin ma yana motsi. Sai ya ce likita ya ɓata masa baki. Likita bai haƙa ramin ba, buɗe shi ya yi. Ƙanzon da ya yi kamar yana riƙe haƙoran shi ne ke ciyar da ciwon da ke cin gindinsu, kuma da an bar shi, wata rana tare za su faɗo.

Na'urar wankin karkarwa take yi tana fesa ruwa, ba ta sassaƙe haƙori. Tsamin da ake ji bayan wankin yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Dasashin zai ɗan ja baya idan kumburin ya sace, wannan alamar warkewa ce. Sau da yawa haƙorin da ke ɗan motsi yakan ƙara tsayawa bayan haka.

Idan na je, me za a yi mini?

Likita zai sa wani siririn ƙarfe mai layukan awo tsakanin haƙori da dasashi. Zurfin milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Daga 4 zuwa sama rami ya fara, 6 zuwa sama kuwa ya yi nisa. Yana iya ɗaukar hoto don ganin inda ƙashi ya tsaya. Daga nan sai wanki. Idan ramukan sun yi zurfi, za a yi allurar kashe zafi a kankare har jikin saiwar, wataƙila a zama 2 ko fiye. Bayan wata 2 zuwa 3 a sake awo. Inda ramin ya ƙi rufewa, akwai ƙaramar tiyata da ake ɗaga dasashi a share ƙarƙashinsa. Wanda ciwonsa ya taɓa ƙashi zai riƙa komawa duk wata 3 zuwa 6, don ciwon irin na hawan jini ne, lallaɓa shi ake yi.

Manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, suna da sashen haƙori. Kuɗin wanki bai kai na cire haƙori da sa na roba ba. A guji masu cire haƙori a kasuwa da masu cewa za su fitar da tsutsa. Babu tsutsa a haƙori, kuma ƙarfen da ba a dafa ba yana iya ɗaukar ciwon hanta daga baki zuwa baki.

Ba zan iya sayen Flagyl da Amoxil a kemis in huta ba?

Za ka ji sauƙi na mako guda ko biyu, sannan ciwon ya dawo, domin ƙwayoyin suna zaune a cikin ƙanzon da magani ba ya ratsawa. Kana maimaitawa suna ƙara sabawa da maganin, har ranar da za ka buƙace shi don wani ciwo mai tsanani ya ƙi aiki. Likita kan ba da su a wasu lokuta, kamar idan ƙurji ya zo da zazzaɓi, amma tare da wanki. Ruwan kurkure baki mai chlorhexidine yana taimakawa na ɗan lokaci, sai dai yana rina haƙora idan an wuce mako 2 ana amfani da shi. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi. Fetur, ruwan batir da turare kuwa, don Allah kada ma a fara.

Ina da ciwon suga. Akwai alaƙa?

Akwai, kuma kowanne yana hura wutar ɗaya. Mai ciwon suga ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa kusan ninki 3, musamman idan sugan ba ya daidaita. Kumburin dasashi kuma yana sa sugan ya ƙi sauka, har an ga yana ɗan sauka bayan an yi maganin dasashin. Wanda ƙurji ke yawan fito masa a dasashi, ko ciwon ya ƙi jin magani, ya je a auna masa suga ko da bai san yana da shi ba.

Ina da juna biyu, dasashina ya kumbura. In jira sai na haihu?

Kada ki jira, 'yar uwa. Sauyin da ciki ke kawowa a jiki yana sa dasashi ya fi saurin kumbura a kan datti kaɗan, wasu ma wani ɗan tsiro ja yakan fito musu, wanda yawanci ke bajewa bayan haihuwa. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, kuma watanni na 4 zuwa 6 sun fi daɗin zama a kujerar likita. Ki dai gaya masa kina da ciki kafin ya rubuta magani. Idan laulayi na sa ki amai, ki kurkure da ruwa ki ɗan dakata kafin ki goge. Maganar cewa kowace haihuwa tana tafiya da haƙori ɗaya ba ƙa'ida ba ce, jariri ba ya zuƙe haƙorin uwa.

Tun da na fara shan maganin hawan jini dasashina ke girma yana rufe haƙora.

Amlodipine da nifedipine suna yi wa wasu haka, haka ma phenytoin na farfaɗiya. Kada ka daina sha da kanka. Ka gaya wa likitan da ya rubuta, yana iya canza maka wani, sannan a yi wanki, don datti ne ke ƙara girman.

Sigari, shisha da goro fa?

Taba ita ce babbar abokiyar wannan ciwo. Tana matse jijiyoyin jini, sai dasashin mai shanta ya ƙi jini alhali ƙashi na narkewa a ƙasa, kuma magani ba ya kama shi kamar sauran mutane. Wanda ya daina zai iya ganin jini ya fara fitowa, kada ya tsorata, alamar da tabar ta ɓoye ce ta bayyana. Shisha da garin taba da ake cusawa a leɓe duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Goro kuwa rini yake yi, kuma jan da yake bari yana rufe ƙanzo da jini har mutum ya kasa gane halin da bakinsa ke ciki. Mai cin goro ya kurkure bayan ya gama.

Da azumi yaya zan yi?

Ka goge sosai bayan sahur da kuma kafin barci, ka ga an samu sau 2 ɗin ba tare da shiga shakka ba. Da rana malamanmu na Malikiyya sun halatta asuwaki duk yini, ɗanye mai ɗanɗano ne suka karhanta. Warin bakin mai azumi daban, warin ciwon dasashi daban: na biyun yana nan ko bayan an sha ruwa. Idan kana da niyyar wanki, ka yi shi tun a Sha'aban.

Haƙorina ya fara girgiza. Ya tafi ke nan?

Ba lallai ba. Ya danganta da ƙashin da ya rage. Mai ɗan motsi yakan tsira bayan wanki, wani kuma a ɗaure shi da maƙwabtansa ta baya. Wanda ke nutsewa idan an danna shi, yawanci sai cirewa, kuma cire shi yana kare ƙashin na kusa da shi. Ka daina gwada shi da harshe ko yatsa, ka daina fasa ƙashi da goruba a kansa.

Yaushe ne abin ya zama na gaggawa?

Kumburin da ya haura fuska ko ya gangara wuya, zazzaɓi, kasa buɗe baki ko haɗiya, duk na asibiti ne a ranar. Haka jinin da ke zuba da kansa ba a taɓa ba, musamman tare da haɓo, kasala ko zazzaɓi, domin yana iya zama ciwon jini ne ba na baki ba. Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba shi ma a duba shi.

Yaro ƙarami yana iya kamuwa?

Kumburi da ɗan jini suna samun yara, kuma gogewa tana maganinsu. Amma akwai wanda ya kamata kowace uwa a ƙasar Hausa ta sani, wato cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona, daga Girkanci ya fito. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da gyambo a dasashi take farawa, da jini, da wari mai tsanani, da dalalar yawu. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, fata ta yi baƙi, naman ya zube. Yaran da ba su samu magani ba, har 9 cikin 10 na iya mutuwa.

A matakin gyambon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita kafin ta taɓa fuska. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma kwanakin da ake ɓatawa wajen turare da shafe-shafe su ne kwanakin da take cin kumatu. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta tun 1999, inda ake magani da gyaran fuska kyauta, a Damagaram ma akwai cibiyar da ke karɓar irin waɗannan yara. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Idan yaro ya rame, ya tashi daga ƙyanda, bakinsa ya fara wari, ki buɗe bakin ki haska da fitilar waya. In kin ga gyambo a dasashi, ki kai shi asibiti mafi kusa a ranar.